Ranar da kakata ta daina jin Hausa

Wata safiyar Talata a watan Nuwamba na 2017, bayan an idar da sallar asuba, kakata ta wajen uwa ta fito tsakar gida tana magana, babu wanda ya gane abin da take cewa. Ba mu damu ba. Basiniya ce, haihuwar kudancin ƙasar Sin, kuma duk da shekara 49 da ta yi a Kaduna, in ranta ya ɓaci ko tana ƙirga kuɗi, yarensu take komawa. Muka ce yau ma Popo ta tashi da yarenta. Mahaifiyata, wadda ita kaɗai ce a gidan take tsintar wani abu a yaren, ta tafi Zariya gaisuwar mutuwa. Sai dab da azahar, da kofin shayi ya suɓuce daga hannunta na dama har sau biyu, ƙanwata ta lura bakinta ya karkace.

Likitan da ya karɓe ta bai yi mana faɗa ba, amma ya faɗi abin da har yau yake ci mini rai. Alamomin shanyewar ɓarin jiki guda uku ne da kowa zai iya dubawa a gida: karkacewar fuska, mutuwar hannu ɗaya, da rikicewar magana. In gudan jini ne ya toshe jijiya a ƙwaƙwalwa, akwai allurar da ke narkar da shi, amma sai an yi hoton ƙwaƙwalwa an tabbatar ba fashewar jijiya ba ce, kuma sai cikin awa huɗu da rabi daga farawar alamar. Mu mun kai ta bayan awa takwas. Alamar farko ta bayyana a gabanmu tun asuba, muka ɗauka yare ne. Abin da ke fita daga bakinta a ranar ba Hausa ba ne, ba kuma yarenta ba ne, harshe ne ya karye. Da a cikinmu akwai mai jin kalma hamsin kacal na yaren kakarsa, da ya gane.

Popo shi ne sunan da mutanen Kanton, a kudancin Sin, ke kiran kaka ta wajen uwa, da shi muka buɗi baki muka kira ta, har maƙwabta suka ɗauka sunanta ke nan. An haife ta a 1936 a wani ƙauye na gundumar Toishan, a lardin Guangdong. Takardunta sun ce 1938. Mun gano gaskiyar ne saboda ba ta taɓa faɗin shekarar haihuwarta da lamba ba, sai dai ta ce ita 'yar shekarar ɓera ce. Sinawa suna jera shekaru goma sha biyu, kowace da dabbarta, kuma 1936 ce ta ɓera, 1938 ta damisa. Ranar haihuwarta ma ta kalandar wata ce, shi ya sa kowace shekara take faɗawa a wata rana daban.

Toishan ƙasa ce da mazanta suka daɗe suna tafiya ci-rani Amurka da Kanada, gidaje da yawa da kuɗin aike suke rayuwa. Gidansu Popo ma haka, wani yayan mahaifinta ne ke aikowa. Japan ta shiga yaƙi da Sin gadan-gadan a 1937, ta kama birnin Kanton a 1938, ta kama Hong Kong ranar Kirsimeti ta 1941. Daga nan hanyar aike ta toshe. A 1943 fari ya haɗu da yaƙi, yunwa ta faɗa wa lardin. Tana da shekara bakwai. Abin da ta yarda ta gaya mana game da wannan shekara kaɗan ne: sun ci ganyen dankali da ɓawonsa, sun ci dusa, kuma mahaifiyarta tana ƙirga ƙwayar shinkafa a tafin hannu. Daga nan sai ta canja magana. Abin da ya rage a jikinta shi ne ba ta barin ƙwaya ɗaya a kwano, kuma ba ta bari mu bari. In yaro ya tashi ya bar loma, ba ta tsawa, sai ta jawo kwanon ta cinye a gabansa tana kallon ƙasa. Wannan ya fi duka zafi.

A 1950, tana da shekara 14, ta bi yayanta suka tsallaka Hong Kong. Suka zauna a bukkokin katako da langa-langa na Shek Kip Mei, unguwar 'yan gudun hijira a gefen dutse. Daren Kirsimeti na 1953 gobara ta cinye unguwar, mutum fiye da 50,000 suka wayi gari ba matsuguni. Ta fita da bargo ɗaya da tukunya. Gidajen da gwamnati ta gina daga baya benaye ne, ɗaki ɗaya mai faɗin ƙafa 120 murabba'i na manya biyar, banɗaki da famfo na kowa da kowa, girki a baranda. Ta samu aiki a wata masaƙa a Tsuen Wan, awa 12 a tsaye gaban injin kaɗi, aikinta ƙulla zare in ya tsinke kafin injin ya tara auduga a banza. Har ta tsufa tana iya ƙulla zaren da ya tsinke da yatsu biyu ba tare da ta duba ba. A can ta haɗu da kakana, mai haɗa launin rini. Suka yi aure a 1958, aka haifi mahaifiyata a 1960, ƙaninta a 1963. Wannan shekarar ce Hong Kong ta shiga ƙarancin ruwan da sai bayan kwana huɗu ake sakin famfo na awa huɗu. Da jariri a goye take bin layin bokiti. Shi ya sa a gidanmu ruwa ɗaya yake aiki uku: a wanke shinkafa, a wanke ganye da shi, a zuba wa shuka.

Mutane da yawa sun ɗauka Sinawa jiya suka zo Arewa, tare da atamfar roba da wayar salula. Ba haka ba ne. Masaƙar Kaduna Textiles (KTL) ta fara aiki a unguwar Kakuri a 1957, sannan wani attajirin masaƙu daga Hong Kong, Cha Chi-ming, ya kafa masaƙar UNTL a Kaduna a 1964. A Kano kuma mutanen Hong Kong sun buɗe masana'antun kwanukan fenti, irin waɗanda iyayenmu suka jera a ɗakunan aurensu. Duk wannan kafin Nijeriya da Sin su ƙulla huldar jakadanci a 1971. Kakana yana cikin ƙwararrun da aka ɗebo a 1965. Popo ta biyo shi da yara biyu a 1968, ana tsakiyar yaƙin basasa. Danginta sun ce ta haukace, ta tsere wa yaƙi biyu za ta kai 'ya'yanta na uku. Ta ce yara ba sa girma da hoton uba.

Ba ta jin Turanci sai kaɗan, don haka Hausa ce harshen da ta fara koya a nan, a kasuwa, wajen masu tumatir da mahauta. Yarensu na karin sauti ne, saboda haka kunnenta ya riga bakinta: cikin 'yan watanni ta rarrabe kuka na miya da kuka na hawaye, abin da Turawa ke shekaru ba su kama ba. Abin da ya gagare ta har ƙarshe shi ne ya da ta, domin a yarensu kalma ɗaya ce ta namiji da mace. Ta nemi abincin gida ta rasa, sai ta ƙirƙira. Ta shuka ganyen da aka aiko mata irinsa a ambulan, ta tsirar da wake a tukunyar ƙasa mai huda a gindi, tana zuba ruwa sau huɗu a rana a rufe da buhu don kada haske ya sa shi ɗaci. Ta samo waken suya daga masu kawowa daga Binuwai tana yin awara a lokacin da maƙwabtanta ba su san ta ba. Na koyi tata: rabin kilo na wake a jiƙa awa takwas, in lokacin zafi ne awa shida don kada ya yi tsami, a niƙa, a tace da ruwa lita huɗu, a tafasa sosai ana tsaye a kai domin kumfarsa kan yi ambaliya cikin ƙiftawar ido. A sauke, a bari minti biyar, sannan a zuba ruwan tsami kaɗan-kaɗan, a juya sau biyu ko uku kawai a rufe. Tsami in ya yi yawa awara ta yi gari-gari, in aka cika juyawa ta ƙi haɗuwa, in madarar ba ta dahu ba ta yi ƙarnin wake ta ɓata ciki.

Mahaifiyata ta tashi a Kaduna, Hausarta ta fi yaren iyayenta nesa ba kusa ba. A jami'a a Zariya ta haɗu da mahaifina, ta musulunta, suka yi aure a 1983. Kakana ya yi wata shida ba ya magana da ita. Popo ce ta ɗaura ɗankwali, karo na farko a rayuwarta, ta je gidan kakata ta wajen uba ta zauna a tabarma. Ta ce da Hausarta: “Hajiya, 'yata ɗaya. Ka riƙe shi da kyau.” Hajiya ta ce: “Ai ta zama tawa, Maman yara, ki kwantar da hankalinki.” Mahaifina kuwa har ta rasu bai taɓa kiran sunanta ba, Mama yake cewa, kuma a durƙushe yake gaishe ta. Da farko abin ya dame ta, ta zaci yana gudunta ne, tunda ba ya cin abinci a gabanta. Sai da aka bayyana mata kunyar suruki, ta ce a garinsu ma surukin kirki ba ya ɗaga ido.

Inda tsofaffin biyu suka yi karo na gaske shi ne jegon haihuwata a 1985, kuma na ji labarin daga bakin dukansu. A al'adar Sinawa maijego tana zaman wata guda cur: ba ta fita, ba ta shan ruwan sanyi, iska ba ta taɓa ta, kuma a tsohuwar ƙa'ida ba ta wanka, ba ta wanke kai. A wajen Hajiya kuwa maijego ba ta da magani sai wankan tafasasshen ruwa da ganyen darbejiya safe da yamma har kwana arba'in, ga kunun kanwa. Popo ta ga tururi yana tashi daga garwa ta tsaya a ƙofar banɗaki ta ce ba za a dafa mata 'ya ba. Hajiya ta ce ba a taɓa barin maijego da ɗanyen jiki a zuriyarta ba. Kwana biyu ana ja. Da suka zauna, sai suka tarar abu ɗaya suke tsoro, wato sanyi ya shiga jikin mai haihuwa. Aka yi sulhu: za a yi wanka, amma a sirka ruwan har gwiwar hannu ta iya jurewa, a tafasa shi da ɓawon ɗanyar citta da aka shanya, wanda mutanen Kanton suka yarda maijego ta yi wanka da shi, Hajiya kuma ta sa ganyenta. Kunun kanwa Popo ta ce kofi ɗaya a rana, da kanwa kaɗan. A nan ta yi daidai, domin likitoci a Zariya sun daɗe da danganta yawan kanwa da tsananin zafin jego da ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa.

Abin da ya haɗa su har suka zama aminai shi ne ƙauri. Da aka kawo ƙafafun sa za a dafa wa maijego, Popo ta tsaya tana kallo, domin a garinsu ma ƙafa ake dafa wa mai haihuwa, da citta mai yawa da baƙin khal mai zaƙi da dafaffen ƙwai, sai dai ta alade ce. Ta ce a ba ta ƙafa biyu. Ta ƙona gashin, ta kankare, ta tafasa ta zubar da ruwan farko, ta soya citta rabin kilo ba mai har ta bushe, sannan ta haɗa a tukunyar ƙasa da khal da mazarƙwaila, wuta kaɗan, awa huɗu. Tukunyar ƙarfe ba ta yi, khal yana cin ta ya ɓata ɗanɗano. Tun ranar da mahaifiyata ta musulunta ta daina shigo da naman alade gidanta, ba wanda ya roƙe ta, ta ce ba ta son tukunyar da 'yarta ba za ta ci daga ciki ba. Ranar suna wanzami ya yi mini aski, da na cika wata ɗaya ta rina ƙwai ja ta raba wa maƙwabta. Duk jikokinta shida haka aka yi mana.

Kakana ya rasu a 1991, hawan jini. Aka binne shi a Kaduna. Kawuna, wanda aka mayar Hong Kong karatu tun yana ɗan shekara 12, ya riga ya koma Toronto a Kanada, kamar dubban mutanen Hong Kong da suka yi ƙaura bayan yarjejeniyar 1984 ta mayar da birnin hannun Sin a 1997. Ya cika mata takardu, ya aiko tikiti. A al'adarsu ɗa namiji ne ke riƙe iyaye, zama a gidan 'ya mace kamar abin kunya ne. Ta yi wata uku tana juya maganar, sannan ta ce ba za ta ba. Dalilinta ɗaya: wa zai share kabarin? Kowace shekara ranar 4 ko 5 ga Afrilu, ranar da suke kira Ching Ming, Sinawa kan je su share kaburburan nasu. Ta ce in ta tafi ya zama baƙo sau biyu. Ta dawo gidanmu da akwati biyu da tukunyar ƙasa. Mahaifina ya ba ta ɗakin da ke kusa da na Hajiya. Bai taɓa matsa mata kan addini ba, yakan ce Asma'u 'yar Abubakar ma an umarce ta ta sada zumunci da mahaifiyarta alhali ba ta musulunta ba. A 1998, bayan rasuwar Hajiya, wadda Popo ta yi jinya wata biyar, ta ce wa mahaifiyata a kira liman. Fatiha da ƙananan surori uku ta iya, da su ta yi sallah shekara 19 a tsaye, sauran a kwance.

Abin da ba mu lura da shi ba shi ne yadda duniyarta take tsukewa. Masaƙun Kakuri suka durƙushe ɗaya bayan ɗaya, KTL a 2002, UNTL a 2007. Tsofaffin da take hira da su suka mutu ko suka koma. Sinawan da suka zo daga baya yawancinsu Mandarin, harshen hukuma na Sin, suke yi. Shekaru kusan goma ba ta da wanda za ta yi doguwar hira da shi da harshen da take mafarki da shi, sai kawuna a waya. Mu jikoki muna ganin ta iya Hausa, shi ke nan. Ba wanda ya taɓa zama ya ce, Popo, koya mini.

Da ta farfaɗo a asibiti, Hausar ta tafi. Ɗan Turancin ma ya tafi. Likita ya ce hakan na faruwa, harshen da aka koya da girma yakan riga na ƙuruciya gushewa. Bayan makonni magana ta fara dawowa, amma ba ma yaren Kanton da take yi da mahaifiyata ba, yaren ƙauyensu na Toishan. Kuskurenmu na biyu a nan yake. Muka nemo wani saurayi Basine ɗan kasuwa daga Kano, ya zo da kirkinsa, ya zauna awa guda, ya fito ya ce bai gane komai ba. Mun ɗauka Sinanci ɗaya ne. Cin abinci kaɗai, a Mandarin “chi fan” ne, a Kanton “sik fan”, a Toishan “hiak fan”. Rubutu ne ya haɗa su, baki bai haɗa su ba, ita kuwa aji biyu ta yi a makaranta, hannun rubutun ma ya shanye. Duk mai tsoho baƙo a gida ya tambaye shi tun yana da lafiya sunan yarensa takamaimai da na gundumarsa, ya rubuta ya ajiye tare da katin asibiti.

Mafita ta zo ta wajen kawuna, wanda ya tashi a hannun yayan Popo ya iya yaren ƙauye. Tsakaninmu da Toronto awa biyar ne ko shida, gwargwadon lokacin shekara, don haka muka tsayar da kiran bidiyo kullum bayan la'asar, kafin ya fita aiki. Ya faɗa, mu rubuta da haruffan Hausa yadda kunnenmu ya ji, a kwali muka manna a bango: ruwa, abinci, ciwo, sanyi, banɗaki, barci, har kalma 40.

Jinyar kanta aiki ce ta ƙa'ida. Haɗiya ta lalace, ruwa zalla ya fi komai haɗari domin yana saurin zarcewa hanyar iska, ta ƙware, ya sauka huhu. Sau ɗaya hakan ta faru, a wata na biyu, wata mai taya mu ta ba ta shayi tana kishingiɗe, muka yi kwana tara a asibiti da namoniya, wato ciwon huhu. Daga nan doka ta zama a zaunar da ita tsaye sosai, haɓa ta ɗan sunkuya, ƙaramin cokali, a jira ta haɗiye kafin na gaba, a bar ta a zaune minti 30 bayan an gama, a goge mata baki ciki da waje. A juya ta kowace awa biyu, dare da rana, a duba ƙugu da diddige da ƙasan baya, in wuri ya yi ja bai koma ba bayan an danna, gyambo na tafe. Muka raba dare uku tsakanin mahaifiyata da ni da ƙanwata.

Ta ƙi kunu, ta ƙi koko, ta ƙi duk abin da ta sha shekara hamsin tana ci. Ta rame har zobenta ya faɗi. Kawuna ya ce a yi mata “juk”, faten shinkafar da ake ba yara da marasa lafiya a garinsu. Na farko da na yi ya ƙi, domin na sa shinkafar dafawa da aka turara, wadda ba ta narkewa ko ta kwana a wuta. Shinkafar tuwo ce take yi. Gwangwanin madara ɗaya, a wanke, a cuɗa da cokalin mai ɗaya a ajiye minti 30, a zuba a ruwa gwangwani goma da ya riga ya tafasa, a sa citta yanka uku da ƙashin kaza, a rage wuta, a bar murfi a ɗan buɗe, a riƙa juyawa daga ƙasa kada ya kama, awa ɗaya da rabi har ƙwayar ta ɓace. A tsame ƙashi da citta, a tace in da gudaji. Gishiri kaɗan ƙwarai saboda jininta. Ranar da na kai mata na biyu, ta shanshana, ta buɗe baki da kanta. Ta sha cokali goma sha ɗaya. Mahaifiyata ta fita tsakar gida ta yi kuka.

Akwai kalma ɗaya da ba ta cikin kwalin. Da daddare takan riƙa cewa “Moi, Moi”, tana lalube da hannun hagu. Muka ce Hausa ce ta ɗan dawo, mai take nema, domin tana son a shafa mata man zafi. Fiye da shekara biyu, duk sanda ta faɗa sai mu ɗauko kwalba mu murza mata ƙafa, ita kuma ta yi ta hawaye, mu ce ciwo ne. Da yake da dare take faɗa, kawuna bai taɓa ji ba. Sai a farkon 2021, wata rana ana cikin kira, 'yata mai shekara huɗu ta shigo da gudu, Popo ta kama rigarta ta ce “Moi”. Kawuna ya yi shiru har muka zaci layi ne ya yanke. Sannan ya ce wa mahaifiyata: “Yaya, ƙanwa take kira. Moi ƙanwa ke nan.”

Mahaifiyata ba ta san tana da wata inna ba. Shi ma sau ɗaya ya ji a bakin yayan Popo. Ya tambaye ta a hankali, ta ba da labarin gutsure-gutsure cikin kwana uku, yana fassarawa, ni ina naɗa a waya. A yunwar 1943 tana da ƙanwa 'yar shekara huɗu. Iyayensu suka ba da ita ga wasu mutane daga wani gari a kan shinkafa, don ita ta rayu, na gida ma su rayu. Popo aka sa ta riƙe hannunta zuwa bakin hanya, aka ce ta gaya mata za a je a dawo. Ta gaya mata. Shinkafar da aka karɓo ita ma ta ci. Shekara 78 tana ɗauke da wannan, ta haye teku da shi, ta yi jegon jikoki shida, ba ta faɗa wa 'yarta ba, mu kuma muna gefenta muna shafa mata mai.

Mahaifiyata ta yanke shawara a daren. Ta ce ba za a gyara mata ba, ba za a ce wannan tattaɓa-kunnenki ce ba. In ta kira, yarinyar ta je. Muka koya wa 'yata kalma ɗaya ta amsawa. Kullum bayan magariba sai ta hau gadon ta zauna, Popo ta riƙe hannunta, wani lokaci ta tura mata cokalin juk ɗinta, sai yarinyar ta sha sannan ita ta sha. Kukan dare ya ragu sosai.

Ta rasu a watan Yuni na 2021, da shekara 85, a lissafinsu 86, domin suna ba jariri shekara ɗaya ranar haihuwa. Allah Ya jiƙanta, Ya sa ta huta. Ta cika da hantsi, aka yi mata sutura, bayan la'asar an kai ta. Wannan ya yi wa kawuna ciwo ƙwarai. A wajensu akan jira kwanaki har ɗa ya iso, ga takunkumin tafiye-tafiye na korona. Laifinmu ne da ba mu zauna da shi tun tana raye mun bayyana masa yadda jana'izar Musulmi take ba, sai a ranar, ta waya, yana kuka. Abin da ya ɗan sanyaya masa rai shi ne da ya ji likkafani fari ne, domin fari ne launin makoki a wajensu.

Ya zo a 2022. Ya kwafe rubutun da ke kan dutsen kabarin mahaifinsa, inda aka sassaƙa sunan gunduma da na ƙauye, ya kuma samo sunan ƙauyen Popo a bayan wata tsohuwar ambulan da ke ƙasan akwatinta. Ya ce mu ɗauki hoton haruffan kansu, domin sunan da aka rubuta da boko ba ya kai mutum ko'ina: harafi ɗaya ne wani ke rubutawa Chan, wani Chen, wani Chin. Ya aika wa dangi a Toishan su duba littafin zuriya. Amsar ta zo bayan wata biyu. Littafin ya lissafa maza, yayanta yana ciki, ita da ƙanwarta ba sa ciki.

Abin da ke hannunmu na muryarta minti 52 ne. Mahaifiyata, mai shekara 65 yanzu, ta koma koyon yaren wajen ƙaninta, kiran bayan la'asar bai tsaya ba, ni da ƙanwata muna zama da littafi. Ranar 4 ga Afrilun bana mun je da tsintsiya mun share na kakana, muka wuce maƙabartar Musulmi muka yi wa Popo addu'a. 'Yata ce ta riƙe butar ruwa. A gida har yanzu Moi ake kiranta, kuma tana amsawa.